Mai Feshi Ya Taya Likita Aiki

Ku gyara zama, ga wani labari nan tafe. Ba na dawa ba ne, na cikin gari ne, a wani layi da kowa ya san tarin kowa.

A layin nan akwai wani dattijo da ake kira Mai Feshi, domin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fesa wa motoci fenti. Ƙafarsa ta daina zuwa gareji, amma bakinsa bai ajiye aiki ba. In ya zauna a bencin ƙofar gida, mota ba ta wucewa sai ya faɗi laifin fentinta. Yakan ce ya taɓa fesa wa motar asibiti fari, marar lafiya ya leƙo ya ganta, ya ce ya warke a mai da shi gida. Yakan ce ido ba mudu ba ne, amma nasa idon har mudun yake gyara wa awo. Abin da ba ya faɗi shi ne motarsa ta ƙarshe: ƙofar gaba ta fito koriya, ta baya ta fito wata koriyar daban, mai motar kuma ya ba shi shawarar sayen tabarau cikin kalmomin da ba a maimaitawa gaban yara.

Matarsa ta daɗe da daina musu da shi. Maƙwabcinsa Tela, wanda shagonsa ke jingine da katangar gidan, shi ne bai daina ba.

'Yarsu ta ƙarshe, Auta, tana shekarar gama karatun likitan haƙori. Tun ranar da aka ɗauke ta makarantar uban ya daina kiranta Auta, sai Likita, kuma da ƙarfi yake kira, don layi ya ji.

Wata rana ta shigo da kwali, ta share kantar ɗakin ajiya, ta jera kofuna. A cikin kowane kofi ta zuba wasu 'yan fayafayai farare, kowanne bai fi ƙwayar maganin ciwon kai girma ba. Uban ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya.

"Wannan fa, Likita?"

"Da shi ake cike ramin haƙori, Baba. Irin farin nan da in an yi wa mutum ba a gane ciko ne. Sai dai in an kwana biyu yakan fara rinewa, saboda abin da mutum ke sha. Shi ne nake so in gano wane abin sha ya fi rina shi. Rabinsu na shafa musu wani ruwa siriri da aka ce yana kare su, rabi na bar su haka. In an gama sai a auna launinsu, a ga ko wannan rufin da na shafa yana da amfani."

"Wato fenti da ruwan ƙyalli."

"Ba fenti ba ne, Baba."

"Fenti ne. An dai sa masa farar riga."

To, ga yadda al'amarin yake. Ana gyaran rufin ɗakin gwajin makarantar, shi ya sa aka ce kowane ɗalibi ya ajiye aikinsa a gida. Ita kuma an tura ta wani asibiti a wani gari na 'yan makonni, ba za ta dawo ba sai safiyar ranar awo. Na'urar auna launin kuwa aro ce, sau ɗaya take zuwa a shekara. Wanda aikinsa bai auno a ranar ba, sa'o'insa za su karɓi takardarsu su tafi su bar shi.

Auta ta juya wajen uwarta, ta fara, "Mama, kullum da safe…"

Mai Feshi ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Da ya yi na uku sai da Tela ya tsai da keken ɗinkinsa a bayan katanga.

"Aikin launi," in ji shi, "a gidan da nake raye, a ba wadda ko labule ba ta iya zaɓa ba?"

Uwar ta ce, "Labulen nan kai ka zaɓe shi, Baban Auta."

Auta ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, tausayi ya rinjayi hankali. Ta ce, "To Baba, ba wuya. Kullum da safe a zubar da na jiya a zuba sabo. Shayi a na shayi, gahawa a na gahawa, baƙin lemon kwalba a nasa, ruwa a na ruwa. Jakar shayi ɗaya, gahawa cokali ɗaya. Kada a taɓa su, kada a ƙara komai." Ta nuna masa wani farantin roba mai ramuka layi-layi, inda za a jera su ranar awo. Da ta kai bakin ƙofa da jakarta ta waiwayo ta ce, "Kada a ƙara komai," tana duban bangon da ke kusa da kansa.

"Je ki, Likita. Kin bar aiki a hannun mai shi."

Safiyar farko ya yi yadda aka ce. Safiya ta biyu ya ɗaga shayin ya hanga a haske, ya ga ana ganin yatsansa ta ciki. Ya kurɓa. Ya ɓata fuska.

"Maman Auta, zo ki ga abin da yarinyar nan ke ba bayin Allah. Wannan ba shayi ba ne, ruwan da ya taɓa jin labarin shayi ne. Ko baƙon da ba na so ban taɓa ba shi irin wannan ba."

"Ba baƙi ba ne, Baban Auta. Ta ce jaka ɗaya."

"Ɗalibai ke nan, komai da tsumulmula."

Ya zuba jakunkuna cike da hannu, ya tafasa har shayin ya koma kamar tsohon man inji. Gahawa ma ya ƙara mata kuzari. Da ya iso kan kofunan ruwa sai ya tsaya yana kallo. Fayafayan ciki fes suke kamar ranar da aka kawo su.

"Waɗannan zaman banza suke yi," in ji shi. "Kowa na aiki, su suna wanka."

Ya ɗiga musu shayi kaɗan, don kada a ce an yi son kai a gidansa.

Da hantsi ya ciro ɗaya daga cikin masu rufin, ya fito da shi benci, ya kankara da farce. Tela ya leƙo ta tagar shago, allura a baki.

"Injiniya, an fara duba marasa lafiya?"

"Zo ka ga abin da likitoci ke kira rufi. Wannan ai yawu ne. Ni na rufe motar da ta yi damina biyar a waje, ƙudan da ya sauka a kanta sai ya zame ya karye."

"Mota ai ba ta shan shayi."

"Kai dai ɗinka wandonka. In na nuna musu rufi na gaskiya, Farfesarsu da ƙafarta za ta zo layin nan neman gidana. Kai za ta tambaya hanya, ka yi ƙoƙari ka wanke fuska."

Kafin rana ta karkata ya jawo tsohon injin feshinsa daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙura, ya nemo gwangwanin ruwan ƙyalli, wanda ake fesa wa mota a ƙarshe don ta yi sheƙi. Ya tsame fayafayan duka, masu rufi da marasa rufi, domin a ganinsa zalunci ne a tufatar da wasu a bar wasu tsirara. Ya jera su a kan faranti a tsakar gida, kowane kofi da layinsa. Injin ya yi tari ya tashi. Ƙarar ta jawo mutanen layi, suka cika ƙofa, wasu suka hau katanga.

"Ku matsa," in ji Mai Feshi. "Aikin asibiti ne."

Ya saita bakin bututun, ya matsa. Ya manta cewa kafin ruwa ya fito iska ce ke fitowa, kuma iskar da aka yi don bayan babbar mota ba ta san faifan haƙori ba. Farantin ya zama wayam. Aka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a jikin bango, a kan rufin kwano, a cikin bokitin wanki. Wata kazar Tela da ke kiwo a gefe ta daka tsalle ta cafe ɗaya a sama, ta haɗiye, ta tsaya tana jiran ƙari.

Mai Feshi ya kashe injin a hankali. Ya ce, "Ƙura na kaɗe musu."

Matarsa ta ce, "Ta kaɗu."

Mutanen layi suka durƙusa suna tsinta, kamar an watsa tsaba. Aka tara masa a tafin hannu. Yanzu ga su nan duk a cakuɗe, ba a san na shayi ba, ba a san na ruwa ba, balle mai rufi da marar rufi.

"Wannan ba komai ba ne wajen wanda ya san aiki," in ji shi. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. "Shayi." Ya ajiye gefe. Ya ɗauki wani. "Lemo." Ya ɗauki na uku, ya daɗe yana juya shi a baki. "Wannan gahawa ce, mai ƙarfi ma."

Tela ya ce, "Wannan daga kwata na tsamo shi."

Mai Feshi ya tofar, ya goge baki da hannun riga, ya ce ai dama gwada Tela yake yi ya ga ko zai faɗi gaskiya.

Karo na biyu ya manna su da salatif a jikin katako kafin ya fesa. Ya fesa, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har kowane faifai ya yi kumatu. Suka ɗauki ƙyalli kamar idon kifi. Bai jira sun bushe ba ya mai da su kofuna, domin Likita ta ce kada a yi fashin ko kwana ɗaya, shi kuwa mutum ne mai kiyaye amana.

Da gari ya waye rufin ya jiƙe, ya tattare, ya sha shayi ya ƙoshi. Fayafayan suka fito jajaye-jajaye a yamutse kamar fatar tsohon takalmi. Ɗakin ajiya ya cika da warin gareji. Ana cikin haka waya ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana. Yaya fayafayaina?"

"Lafiya lau, Likita. Har sun yi ƙiba."

"Ƙiba?"

"Irin ta zaman lafiya. Ki yi aikinki."

"Ba ni Mama."

"Ta shiga wanka," in ji shi, matar kuwa tana tsaye a gabansa da tsintsiya.

Da ya ajiye wayar ta ce, "Ka faɗa mata, Baban Auta. Yau in ka faɗa, tana da sauran lokacin yin wani abu."

"A tayar wa yarinya da hankali a kan abin da samfefa za ta gyara kafin abincin rana?"

"Garin neman gira fa ake rasa ido."

"Wanda ba shi da hannu ke rasawa."

Ya zauna da samfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge jikin mota da ita, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Rufinsa ya fita, rufin Auta ya bi shi, wasu fayafayan ma suka rame har ana hangen haske ta cikinsu. Da ya ga sauran dabbare-dabbare, sai ya jiƙa su a bilic ɗin wankin matarsa. Suka fito fari tas, sun fi yadda aka kawo su fari.

Tela ya zo ya duba, ya gyaɗa kai. "Ka gano babban abu, Injiniya. Ashe shayi faranta haƙori yake. A sanar da duniya."

Nan Mai Feshi ya sake duban fayafayan. Ya lura cewa ranar awo ta matso, kuma ba a kai wa Farfesa fayafayan da suka yi makonni a gahawa suna fari kamar audugar asibiti. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa cikin gwangwanayen fenti ba ya daɗewa cikin duhu. In launi ake so, ai an zo gidan launi.

Ya kira Auta, ya yi ta zagaye-zagaye, sannan ya ce, "Af, Likita, wai a cikinsu wanne ya kamata ya fi duhu?"

"Ai tambayar ke nan, Baba. Ba wanda ya sani sai an auna."

"Ko a ƙiyasi?"

"In da ana ƙiyasi da ban sha wannan wahala ba. Me ya faru?"

"Hira ce kawai."

Tun da makaranta ba ta sani ba, sai ya kawo maganar benci. Tela ya ce gahawa, domin ya ga abin da take yi wa farin yadi. Wani mai wucewa ya ce shayi, ya buɗe baki ya nuna shaida. Mai Feshi ya saurare su duka, ya yanke hukunci cewa baƙin lemo ne, domin shi ya fi baƙi a kwalba, kuma mai ido ba ya tambayar hanya da rana.

Da ya zo jera su a farantin roba sai ya ga ramuka sun yi saura. Kaza ta ci nata, kwata ta ci nata, rufin kwano ya riƙe nasa. Ya dubi faifan da ke hannunsa, ya dubi gaban rigar Tela.

"Tela, ba ni fararen maɓallai, ƙanana."

"Maɓallina na riga ne. Bai yi karatun likita ba."

"Maƙwabtaka fa?"

"Ita ta hana ni. Ina so in ci gaba da gaisawa da Auta."

Sai ya shiga ɗaki ya ciro farar rigarsa ta zuwa taro, ya yanke mata maɓallai tun daga ciki har ƙirji, ya bar na wuya kaɗai. Ya cike ramukan zaren da fila, irin wadda ake cike lotsawar mota da ita, ya goge sumul. Sannan ya haɗa fenti. A nan kam, a faɗi gaskiya, ya yi aiki da zuciya ɗaya. Ya ɗan rufe bakin bututun ya rage iska, ya bi layi-layi: na lemo ruwan ƙasa mai duhu, na gahawa ya ɗan sassauta, na shayi kamar bayan biskit, masu rufi kuma ya rage musu kaɗan don a ga rufi ya yi aiki. Na ruwa ya ba su farin da ya fi ƙauna a duniya, wanda ya ɓoye tun zamanin gareji.

Ya kira matarsa ta gani. Ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," in ji ta. "Shi ne abin tsoron."

Ranar awo Auta ta sauka daga mota a gajiye, ko zama ba ta yi ba. Uban ya riga ya rufe farantin da ƙyalle ya rungume.

"Baba, in gani."

"Iska za ta taɓa su. Ki gani a can tare da manya."

Ya sa farar rigar nan, domin ya ce wuyanta ne kaɗai ya dace da gaban Farfesa, ya ɗora kwat a kai ya ɓalla maɓallansa har sama, ga rana tana dukan ƙasa. Ya kuma gayyaci rabin layi, har da matarsa. Tela ya rufe shago ya biyo su, ya ce ko ɗinkin amarya ne a gabansa yau sai ya jira.

Ɗakin awon ya cika da ɗalibai masu fararen riguna, kowa da farantinsa. Farfesa wata 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, tabarau rataye a wuya. Tana zaune gaban na'urar, tana karɓar aiki ɗaya bayan ɗaya. Mutanen layi suka jeru a bango ta baya. Da aka kira Auta, uban ya kai farantin da kansa, ya yaye ƙyallen kamar mai buɗe sabuwar mota.

Ɗalibai suka miƙo wuya. Nasu fayafayan duk dishi-dishi ne, sai an ƙura ido ake ganin bambanci. Na Auta kuwa ko daga bakin ƙofa ana karanta su. Auta ta dube su, ta dubi ubanta.

Farfesa ta sa tabarau. Ta ɗauki ɗaya da ɗan hantsaki, ta juya shi a haske.

"Wannan na ruwan zalla ne?"

"Eh, ranki ya daɗe," in ji Auta, da ƙyar.

"Yana walƙiya."

Mai Feshi ya raɗa wa Tela, raɗar da ta kai bangon gaba, "Farin lu'ulu'u ke nan. Sai manyan motoci."

Farfesa ta ajiye shi, ta ɗauki na layin lemo. Ta shinshina. Ta jiƙa auduga da sifirit ta goga. Audugar ta koma ruwan ƙasa, faifan ya koma fari. Ta ɗauki na kusa da shi ta goga, ta ɗan danna, sai wani abu ya ɓalle ya faɗo kan tebur. Ta ɗaga faifan sama. Haske ya ratso ta ƙananan ramuka, a jere tsaf, biyu sama biyu ƙasa.

Ɗalibai suka matso suna leƙe.

"Na daɗe a wannan aiki," in ji Farfesa. "Ban taɓa ganin cikon haƙori mai ramin zare ba."

Wani ya yi dariya a baya, ya mai da ita tari.

Ta cire tabarau ta dubi Auta. Muryarta ba ta tashi ba. "Aiki ya lalace, wannan ƙaddara ce, ana sakewa. Amma ɗalibar da ta rina sakamako da hannunta ta kawo mini, ba sakewa take yi ba. Korarta ake yi, kuma ba makarantar da za ta sake karɓarta. Wa ya yi wannan?"

Auta ta ɗaga ido ta dubi ubanta sau ɗaya. Gumi na bin wuyan kwat ɗinsa. Ta sunkuyar da kai.

"A hannuna aikin yake, ranki ya daɗe."

"Na san a hannunki yake." Farfesa ta sake duban farantin. "Kuma ko rinin ma na ɗan koyo ne. Ko'ina burushi ya bar sawu."

Masu ba da labarin nan sun rabu biyu. Wasu sun ce tun da aka ambaci kora ƙafarsa ta riga ta motsa. Wasu sun ce sai da aka ambaci burushi. Ni dai ban raba musu gardama ba. Abin da kowa ya gani shi ne Mai Feshi ya tako har gaban tebur.

"Ranki ya daɗe, a gyara magana. Ba burushi ba ne. Feshi ne."

"Kai ne wa, Baba?"

"Ni ne uban Likita, kuma ni ne mai aikin nan tun daga tushe. Yarinyar nan ko murfin gwangwani ba ta iya buɗewa ba. Tana wani gari. Ki dubi yadda launin ke sauka daga lemo zuwa shayi ba tare da gaɓa ba. Ɗan koyo ne zai yi wannan?"

"Uba yakan ɗauki laifin 'yarsa," in ji Farfesa. "Na sha gani."

"Laifi? Ni aikina nake karɓa."

Sai ya kwashe labari tun daga shayin da ba shi da jini a jika, da na ruwan da ke zaman banza, da injin, da bilic, bai rage komai ba, yana yi yana nuni da hannu yadda ake riƙe bututu. Da ya zo kan kaza Tela ya ɗaga hannu daga baya ya ce kazarsa ce, tana nan da rai in ana son ganinta.

Farfesa ta ɗaga maɓallin. "Wannan fa?"

Mai Feshi ya ɓalle kwat. Farar rigar ta buɗe biyu kamar ƙofar gareji, singileti da tumbi suka gaida jama'a. Ya matso da wuyansa. Farfesa ta kara maɓallin hannunta kusa da wanda ya rage a wuyan rigar, ta duba ta cikin tabarau, ta duba ta samansu.

"Ɗaya ne," in ji ta.

A nan ɗakin ya kece. Ɗalibai suka riƙe tebura, mutanen layi suka riƙe juna. Farfesa kaɗai ba ta yi dariya ba, sai dai ta daɗe tana goge tabaran da ba su da datti.

Da aka lafa ta ce, "Ba a kore ki ba. Amma babu abin da zan auna a nan. Za ki sake daga farko, ki jira dawowar na'ura. Sa'o'inki za su tafi su bar ki. Sababbin fayafayan kuma a ofishina za su kwana, makulli a jakata." Ta juya wajen uban. "Baba, ka rufe rigarka. Ban taɓa ganin irin wannan aiki ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake."

Suka fito. Mutanen layi suka yi gaba da sauri, kowa na so ya riga kowa kai labari. Uwar ta bi su a hankali tare da Tela. Aka bar uba da 'ya a baya.

Auta na tafiya a gaba. A bakin ƙofar makaranta sa'o'inta na ta ɗaukar hoto da farantansu, ta kau da kai ta wuce. Mai Feshi na biye, hannu ɗaya riƙe da gaban kwat, ɗaya riƙe da farantin da ba wanda ya ce ya ɗauko. Sai da suka kai bakin babban titi, motoci na wucewa da fenti iri-iri, ko ɗaya bai tanka wa ba.

"Likita."

Ta juyo.

"Shekara guda ce fa?"

"Shekara guda ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana duban takalminsa. Sannan ya ce, a hankali, ba don layi ya ji ba, "Kin dai ji ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba."

Auta ta tsaya. Ta dube shi tun daga hula har ƙasa, dattijo cikin kwat da tsakar rana, gumi har haɓa.

"Ta faɗa, Baba."

"A gaban mutane."

"A gaban mutane."

Ta share ido da bayan hannu, ta kama gwiwar hannunsa, ta jira motoci suka tsagaita, ta tsallaka da shi.

Nan na baro su, a ɗaya gefen titi, suna jiran motar gida.